Littafin aikin tayar da PDP-8/E daga allonta na gaba

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Yau muka fito da tsohuwar kwamfutar daga ɗakin ƙasa na gidan maƙwabcina, dattijon da ya yi ritaya daga wani ɗakin gwaje-gwajen kimiyya a nan Amurka. Mu biyu muka ɗauke ta, ni da wani abokina, duk da haka sai da muka huta sau biyu a kan bene. Dattijon ya ce tun da aka daina amfani da ita a wurin aikinsu ya roƙa aka bar masa, ya kunna ta 'yan lokuta, daga baya ya lulluɓe ta da bargo ya manta. Ya ba ni mabuɗinta a cikin ambulan, ɗan ƙaramin mabuɗi mai zagayayyen baki da lamba XX2247, irin wanda kamfanin DEC ya yi wa injinansa da yawa.

PDP-8/E ce. Kamfanin Digital Equipment Corporation, wato DEC, wanda Ken Olsen da Harlan Anderson suka kafa a 1957 a cikin wata tsohuwar masaƙar ulu da ke garin Maynard a jihar Masacuset, shi ya fito da PDP-8 ta farko a 1965, wannan samfurin kuma ya biyo baya a 1970. Kalmarta, wato abin da take riƙewa a gida ɗaya, bit 12 ce, kowane bit 0 ko 1, ƙwaƙwalwarta kuma kalma 4096, kowace da lambar adireshinta. Ba ta da faifai, ba ta da allon kallo, ba ta da wani shiri da ke tashi da kansa idan an ba ta wuta. Abin da ke tsakaninka da ita shi ne allon gaba: jerin makunnai masu faɗi kamar haƙoran mataji, launin ruwan goro da launin jar ƙasa, uku-uku, da layuka biyu na fitilu. Niyyata in koyi magana da ita ta wannan allo, da yatsuna, kafin in haɗa mata komai.

Ban ba ta wuta ba, kuma ba zan ba ta ba sai na gama da abin da ke ciki.

Asabar, 20 ga Janairu

Soson da aka manna a cikin murfi ya ruɓe ya zama gari, ya zubo cikin ramukan da katuna ke shiga. Na zare katunan ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta lamba da ramin kowanne: M8300 da M8310 da M8330, waɗanda su ne zuciyar injin, M8320 a can ƙarshe, M8650 na magana da na'urar buga rubutu, sai ukun ƙwaƙwalwa, G104 da G227 da H220. Duka suna zama ne a kan layin wayoyi guda da DEC ta kira Omnibus. Wunin yau ya tafi a burushi da injin zuƙar ƙura.

H220 na daɗe ina riƙe da shi a gaban taga. Zobban maganaɗisu ne ƙanana, 4096 sau 12, wato 49,152, kowanne an zura masa siraran wayoyi uku, an saƙa su kamar tabarma. Kowane zobe bit ɗaya ne: maganaɗisunsa ya juya dama ko ya juya hagu. Na mayar da shi cikin kwali, na hana kowa taɓawa.

Lahadi, 28 ga Janairu

Mako guda a kan akwatin wuta, H724. Manyan kafasitocinsa sun shekara da yawa ba su ga wuta ba, don haka na cire su na riƙa ba su wuta kaɗan-kaɗan ta cikin resisto, ina duba yoyon da suke yi har ya sauka. Ɗaya ya ƙi sauka, na sauya shi. Na ɗaura wa akwatin ƙwayayen fitilar mota a madadin katunan, na bar shi awa uku. +5 da +15 da -15 duk sun tsaya inda ya kamata. Fanka ɗaya tana kuka, na ɗiga mata mai.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Na mayar da katuna, na yi bisimilla, na murza mabuɗi daga OFF zuwa POWER. Fankoki suka tashi, wasu fitilu suka kama. Babu hayaƙi, babu wari.

Abu na farko shi ne tabbatar da cewa allon ba zai yi mini ƙarya ba. Na ɗaga makunnai goma sha biyun duka sama, wato 7777, na danna ADDR LOAD. Ya kamata fitilun adireshi goma sha biyu su kama, sai goma suka kama. A layin ƙasa ma ɗaya ta mutu. Wannan samfurin ƙananan ƙwayaye masu zare yake amfani da su, kuma ƙwan da ya ƙone daidai yake da bit da ke nuna sifiri. In ba ka fara da wannan ba, za ka kwana kana neman ciwon da babu shi. Na sauya ukun.

Bari in rubuta yadda allon yake, don hannuna bai saba ba tukuna. Makunni a sama 1 ne, a ƙasa 0. Ana ƙirga su daga hagu, 0 zuwa 11, kuma launin da aka raba uku-uku ba ado ba ne: kowane uku lamba ɗaya ce ta ƙidayar tushen takwas, daga 0 zuwa 7. ADDR LOAD na ɗaukar abin da ke kan makunnai ya mai da shi adireshi. EXAM na nuna abin da ke cikin adireshin. DEP na zuba abin da ke kan makunnai a ciki, kuma shi kaɗai ne ake ɗagawa sama, sauran dannawa ake yi ƙasa, don kada hannu ya zame ka rubuta a inda ka zo karantawa. Wanda ya tsara haka ya san aikin hannu. Babu maɓallin START a wannan samfuri, sai ka danna CLEAR sannan CONT. Akwai kuma wani murɗi mai matsayi shida, STATE da STATUS da AC da MD da MQ da BUS, shi ke zaɓar abin da layin fitilun ƙasa zai nuna.

Na ɓata kusan awa ɗaya ina zaton ƙwaƙwalwar ta lalace. Na zuba 1234 a 0200, fitilun adireshi suka nuna 0201, na danna EXAM na ga wata lamba dabam. Ashe da DEP da EXAM duk suna ƙara ɗaya a adireshi da zarar sun gama. Abin da kake gani a ƙasa na gidan da ka baro ne, adireshin da ke sama kuma na gidan da za ka shiga. Da na sake ɗora 0200 na duba, 1234 na nan zaune.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Wannan shi ne abin da ya hana ni barci jiya har na tashi na sauko bayan sallar asuba. Zobban maganaɗisu ba sa mantuwa idan an ɗauke wuta. Ke nan abin da dattijon ya bari a ciki yana iya kasancewa yana nan. Na ɗora 7756, na juya murɗi zuwa MD, mai nuna abin da aka karanto daga ƙwaƙwalwa, na danna EXAM.

6032. Na sake dannawa: 6031. Sai 5357, 6036, 7106, 7006, 7510, 5357, 7006, 6031, 5367, 6034, 7420, 3776, 3376, 5356.

Wannan shi ne RIM, ɗan shirin kalma goma sha shida da ake shigarwa da hannu don injin ya iya karanta tef ɗin takarda. Babu kuskure ko ɗaya. Wani ya zauna gaban wannan allo, ya ɗaga waɗannan makunnai da yatsunsa, kuma abin ya zauna cikin duhun ɗakin ƙasa duk waɗannan shekaru yana jira. Na kwafe su a littafi, na haura gidan dattijon da rana na nuna masa. Ya sa tabarau ya bi su da yatsa, kafin ya kai tsakiya ya rufe littafin ya ƙarasa sauran da ka. Ya ce a zamaninsu duk wanda ya yi wata uku a ɗakin ya haddace su.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Shiri na farko da hannuna. Injin umarni takwas kacal gare shi, lambar farko ta kalma ita ke faɗin wanne ne: 0 AND, 1 TAD, 2 ISZ, 3 DCA, 4 JMS, 5 JMP, 6 na magana da na'urorin waje, 7 na ƙananan ayyuka a kan AC, wurin da yake tara lissafi. Babu ragewa, babu ninkawa. In kana son ragewa sai ka juya lambar ka tara.

Na zuba wannan daga 0200: 7001, 2204, 5201, 5200, 0000. Ma'anarsa: ƙara ɗaya a AC, sannan ka yi ta ƙirga gidan 0204 har ya cika ya koma sifiri, sannan ka koma farko. Na ɗora 0200, CLEAR, CONT, murɗi a kan AC. Fitilar RUN ta kama. Fitilun dama suna rawa da saurin da ido ba ya bi, na tsakiya suna ƙiftawa, ta ƙarshen hagu kuma tana ɗaukar kusan rabin minti kafin ta sauya. Na yi lissafi: ISZ na cin mikrosakan 2.6, JMP na cin 1.2, sau 4096 ya kama kusan milisakan 16, zagaye cikakke kuma ɗan sama da minti ɗaya. Na duba da agogo, haka ya fito.

Ɗana mai shekara goma sha ɗaya ya sauko ya tsaya a bayana. Na ce ya zo mu yi tarawa. Ya riƙe littafi yana karanto mini, ni ina ɗagawa: 7300, 1205, 1206, 3207, 7402, sai 0005 da 0003. Muka kunna, RUN ta ƙifta ta mutu. Muka duba 0207, fitila ɗaya ce a kunne, ta huɗu daga dama. Na ce ya karanta uku-uku. Ya karanta 0010, ya ce, "Abba, ta yi kuskure, biyar da uku takwas ne." Na zauna na zana masa yadda mai yatsu takwas zai ƙirga: bayan bakwai ya ƙare, sai ya ajiye ɗaya ya koma sifiri. Ya yi shiru, sannan ya ce to a wurinta goma sha ɗaya tara ce. Na ce haka ne.

Na koyi tushen takwas a makaranta a gida, a kan allo da alli, na ci jarrabawa na wuce. Ban taɓa jin sa a hannu ba sai yanzu. Yatsu uku, manuniya da na tsakiya da na zobe, sun fara gane 5 da kansu: sama, ƙasa, sama.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Na sake bin shirin tarawar, amma a hankali. In ka sauke HALT, kowane danna CONT umarni ɗaya yake yi ya tsaya. In ka sauke SING STEP, abin ya fi haka ƙanƙanta, zagayen ƙwaƙwalwa ɗaya yake yi. Da murɗi a kan STATE sai ka ga fitilar F, lokacin ɗauko umarni, da fitilar E, lokacin aikata shi, ga kuma fitilu uku na IR suna faɗin wane umarni ne a hannu. TAD zagaye biyu take ci, JMP ɗaya ya ishe ta, in kuma umarnin ya bi ta wani adireshi kafin ya kai inda za shi, sai D ta shiga tsakani. Na ga AC ta tashi daga 0 zuwa 5, daga 5 zuwa 10, sannan DCA ta ajiye lambar ta share AC.

A ganina wannan shi ne darajar allon. Shekara ashirin ina gyaran na'urorin da ba ka ganin komai cikinsu sai saƙon da suka ga damar ba ka. Nan kuwa kana iya tsayar da injin a tsakiyar umarni, ka tafi ka ci abinci ka dawo, ka tarar da shi inda ka bar shi, da duk abin da ke bakinsa a fili.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Na yi ɓarna. Na rubuta ɗan shirin gwada ƙwaƙwalwa da zai cika ta da 5252, wato ɗaya da sifiri bi da bi, ta amfani da gidan 0010, ɗaya daga cikin gidaje takwas, 0010 zuwa 0017, da ke ƙara wa kansu ɗaya duk lokacin da aka bi ta cikinsu. Na yi kuskure a lambar tsayawa. Shirin ya wuce inda na so, ya bi ta kan shafin ƙarshe na ƙwaƙwalwa, inda RIM yake, ya zagayo ya cinye kansa. Da na duba 7756, 5252 ce a wurin.

RIM ɗin dattijon ya tafi. Na san kalma goma sha shida ce kuma suna cikin littafina, na san zan mayar da su cikin minti biyar, amma abin ya tsaya mini a rai. Na kashe injin na hau sama.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Ba ni da Teletype, na'urar buga rubutu ta wancan zamani, don haka ƙaramar kwamfutata ce za ta tsaya a madadinsa. Katin M8650 da ke cikin wannan injin an saita shi a kan gudun Teletype samfurin ASR-33, bit 110 a sakan, kowane harafi bit 11, wato harafi goma a sakan. Mahaɗin USB na farko da na gwada ba ya iya sauka zuwa wannan gudu, sai da na samo wani. Na yi wayar da kaina.

Gwajin amsa-kuwwa daga 0200: 6032, 6031, 5201, 6036, 6046, 5201. Jira harafi, karɓe shi, mayar da shi. Na buga A, A ta dawo. Na duba AC na ga 0101. Teletype kan aiko da bit na takwas a kunne, A ta zama 0301, kuma shirye-shiryen DEC da dama haka suke tsammani. Na gyara saitin, 0301 ta fito.

Asabar, 2 ga Maris

Na mayar da RIM da hannu, na ɗora 7756, CLEAR, CONT, na turo fayil ɗin tef ɗin BIN, shirin shigar da sauran shirye-shirye, daga kwamfuta. Fitilu suka yi motsi, tef ya ƙare, na duba 7777 babu abin da ya kamata. Sau uku haka. Na zargi waya, na zargi gudu, na zargi fayil.

Ruwa ba ya tsami banza. Na koma 7756 na bi da EXAM gida-gida, ɗana na karanto littafi. A 7764 ya ce 7510, fitilu suka ce 7500. Bit ɗaya ne, na makunni mai lamba 8. Amma 7510 tana cewa tsallake in lambar ba ta ƙasa da sifiri ba, 7500 kuma tana cewa tsallake in tana ƙasa da sifiri. A daidai nan RIM ke rarrabe gabatarwar tef, wadda hujin layi na takwas kaɗai gare ta, daga ainihin bayanai. Da bit ɗin ya faɗi sai shirin ya riƙa zubar da tsaba yana tara dusa.

Na tabbata na ɗaga makunnin, don haka na gwada shi: sama, ADDR LOAD, ƙasa, ADDR LOAD, sau hamsin. Sau huɗu bai kama ba. Datti ne a bakinsa. Na cire allon, na wanke makunnan duka da ruwan wanke mahaɗai, na sake gwadawa sau ɗari babu fashi. Daga yau duk abin da na zuba da DEP sai na bi shi da EXAM kafin in taɓa CONT.

Karo na huɗu BIN ta shiga. Bambancinsu: a tsarin RIM kowace kalma layi huɗu take ci a tef, biyu na adireshi biyu na abin da za a zuba. BIN kuwa layi biyu take ci, ba ta faɗin adireshi sai za a yi tsalle, kuma tana da lissafin tantancewa a ƙarshe. Shi ya sa ake hawa RIM don a kai ga BIN, sannan a hau BIN don a kai ga komai.

Lahadi, 3 ga Maris

FOCAL na 1969, harshen da Richard Merrill ya rubuta a DEC, wanda ya shige cikin kalma 4096 har ya bar wa mai amfani ɗan wuri. Na ɗora 7777, na bar makunnin 0 a sama, wanda ke gaya wa BIN ta karanta daga layin Teletype, CLEAR, CONT. Kusan kwata ɗin awa muna kallon fitilu. Da ta tsaya na juya murɗi zuwa AC da hannu na rawa. Duhu, fitila ko ɗaya babu, ma'ana lissafin tantancewa ya yi daidai.

0200, CLEAR, CONT. Rubutu ya fara fitowa harafi-harafi, ta yi 'yan tambayoyinta kan ayyukan lissafin da za ta riƙe, sannan ta ajiye tauraro tana jira. Na ja wa ɗana kujera na ce ya buga TYPE 5+3. Ta amsa 8.0000. Ya juyo ya ce, "Abba, yanzu ta koyi namu." A STATUS fitilar ION na kunne, alamar katin na katse injin duk lokacin da harafi ya iso. Na murza mabuɗi zuwa PANEL LOCK don kada gwiwar hannu ta taɓa HALT, na bar shi ya yi ta buga lissafin aikin gidansa.

Na kira dattijon ya zo ya gani. Ya zauna ya rubuta layi uku na FOCAL ba tare da ya duba komai ba.

Asabar, 9 ga Maris

Da sauran rina a kaba. In injin ya yi kamar minti arba'in a kunne, FOCAL na rikicewa ko ta tsaya. Na sake shigar da ita sau biyu, duka haka. Bayan ta faɗi na bi wasu gidaje da EXAM ina gwadawa da jerin shirin, na sami uku da bit na 3 ya koma sifiri, duka a yanki ɗaya. In na kashe na bar shi ya huce, DEP da EXAM na aiki lafiya a gidajen nan.

Karanta zobe na goge shi ne, dole injin ya sake rubuta abin da ya karanta a cikin zagayen. In wutar da ke bi ta wayoyin ta kauce kaɗan da zafi, ko abin da ke sauraron bit ɗin a kan G104 ya raunana, sai a karanta ɗaya a matsayin sifiri, a mayar da sifirin, kuskuren ya zauna. Tunda bit ɗaya ne kullum, G104 na fi zargi, amma tunda yanki ɗaya ne ban wanke G227 ba. Fankar nan mai kuka ma tana kusa da su, kuma iskarta ba ta kai ta ɗayar ba.

Azumi na kamawa jibi ko gata, aikin zai koma daren Asabar kawai. Na yi odar sabuwar fanka. In ta iso zan shigar da gwajin ƙwaƙwalwa na MAINDEC, shirye-shiryen DEC na gano ciwon inji, ta BIN, in bar shi ya yi ta gudu da murfi a rufe har ya fara kuskure, in rubuta adireshi da bit na kowanne daga fitilu, sannan in aro osiloskof in duba siginar bit na 3 kusa da ta bit na 4.